Turawa sun turo mini takardar tambayoyi kafin su sayi kuzata: dokar tasu ta hau kaina ne?

Tambaya: Shekara goma sha huɗu ke nan ina sarin kuza da kolumbayit da tantalayit a yankin Bukuru, kuma tun bara na fara taɓa litiyam daga Nasarawa. Wani kamfani na Turai ya nemi mu ƙulla ciniki, amma tun kafin a yi maganar farashi suka turo mini takardar tambayoyi mai shafi goma sha ɗaya: daga wane rami kayan ya fito, wa ke da lasisin wurin, ko yara na aiki a ramin, ko ina biyan wani kuɗi a hanya. Wai akwai sabuwar dokar muhimman ma'adinai a can. Shin dokar ta hau kaina ne ni da ke Najeriya? Kuma me zai sa in wahalar da kaina, alhali 'yan Chana na zuwa har sito su biya ba tare da tambaya ko ɗaya ba?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Dokar ba ta hau kanka ba. Babu jami'in Tarayyar Turai da zai zo Bukuru ya ci ka tara ko ya garƙame maka sito. Mai sayen da ke can shi doka ta kama, shi kuma ba shi da mafita sai ta kanka, domin amsar da hukumarsu za ta nema a wurinsa tana bakin ramin da kayanka ya fito. Abin da ya sa takarda ta riga farashi isowa ke nan. Na daɗe ina aikin duba takardun fitar da ma'adinai tsakanin 'yan kasuwarmu da masu saye na waje, kuma abin da na fi cin karo da shi shi ne a haɗa dokoki uku a kira su da suna ɗaya. Har ma'aikatan kamfanonin da ke turo takardar sukan yi haka. Wadda aka ambata maka kuwa ita ce ta fi nisa da kai a cikin ukun.

Dokar muhimman ma'adinai ta Tarayyar Turai, mai lamba 2024/1252, ta fara aiki ranar 23 ga Mayu, 2024. Ta jera ma'adinai 34 da Turai ke ganin rashinsu zai iya durƙusar da masana'antunta, sannan ta ware 17 a ciki waɗanda su ne ƙashin bayan batura, injinan lantarki na iska, farantan hasken rana, kayan sadarwa, jiragen sama da makamai. Ta kuma sa wa kanta buri zuwa shekarar 2030: a haƙo kashi 10 cikin 100 na abin da ake buƙata a cikin Turai, a tace kashi 40 a gida, kashi 25 ya fito daga tsofaffin kayan da aka sake sarrafawa, kuma kada ƙasa ɗaya ta waje ta riƙe fiye da kashi 65 na kowane ɗaya daga cikin 17 ɗin. Don cim ma wannan aka rage tsawon jiran izini ga ayyukan da aka zaɓa, wata 27 ga sabon wurin haƙa, wata 15 ga matata.

Tsoro ne ya haifi wannan doka, kuma tsoron yana da suna: ƙasar Sin, wato Chana. Kusan duk magnisiyam ɗin da Turai ke amfani da shi daga can yake zuwa, haka ma rukunin ma'adinan nan da ake kira masu wuyar samu, waɗanda da su ake ƙera maganaɗisun motocin lantarki. A 2021 Sin ta rage wa masana'antunta wutar lantarki, narkar da magnisiyam ta ragu, sai ga masu ƙera ƙarfen gorar ruwa da sassan motoci a Turai suna kukan cewa abin da ke rumbunsu ba zai kai su ƙarshen shekara ba. A 2023 Sin ta sa takunkumin neman izini kafin a fitar da galiyam da jamaniyam, sai girafayit a ƙarshen shekarar, sai antimoni a 2024, sai wasu bakwai daga cikin masu wuyar samun a Afrilun 2025. Wanda ya sha wahalar dogara da iskar gas ɗin Rasha a 2022 ba ya buƙatar a yi masa dogon wa'azi a kan illar zuba ido ga mai sayarwa ɗaya.

Abin da wannan doka ta ɗora wa 'yan kasuwa kai tsaye kaɗan ne. Manyan kamfanoni masu ma'aikata sama da 500 da cinikin da ya haura Yuro miliyan 150, waɗanda ke ƙera batura, jirage, kayan lantarki da makamantansu, za su riƙa bin diddigin inda ma'adinansu ke fitowa aƙalla sau ɗaya a shekara uku, su gano inda igiyar za ta iya tsinkewa. Tambayarsu ita ce, idan ƙasa kaza ta rufe ƙofa gobe, ina za mu samu? Ba ta ce komai ga mai sito a Jos ba. Kuma ka duba jerin da kyau: kuza ba ta ciki, zinare ba ya ciki, dalma ba ta ciki. Tantalam da niyobiyam, waɗanda ake cirowa daga tantalayit da kolumbayit ɗinka, suna cikin 34 amma ba su shiga 17 ba. Litiyam da tungistin su ne suka shiga. A Yunin 2025 Hukumar Tarayyar ta zaɓi ayyuka 13 a wajen iyakokinta da za ta mara wa baya, akwai na Zambiya, Malawi, Madagaska da Afirka ta Kudu, babu na Najeriya. Saboda haka duk dillalin da ya zo ya ce maka Turai ta buɗe wata kasuwa ta musamman da za a saye kayanmu da tsada saboda wannan doka, ka riƙe aljihunka.

Takardar da ke hannunka ɗiyar wata doka ce da ta girmi wannan. Lambarta 2017/821, ta fara aiki kan masu shigo da kaya ranar 1 ga Janairu, 2021, kuma ma'adinai huɗu ta kama: kuza, tantalam, tungistin da zinare. Kolumbayit ma bai tsira ba, domin an rubuta duwatsun tantalam da na niyobiyam a layi guda. Asalinta yaƙin gabashin Kwango ne, inda 'yan tawaye ke riƙe ramuka suna sayen makamai da kuɗin dutse. Amurka ce ta fara da dokar Dodd-Frank a 2010, amma tata ta tsaya kan Kwango da maƙwabtanta. Ta Turai ba ta ambaci ƙasa ba, cewa ta yi duk yankin da ke fama da rikici ko babban haɗari. Akwai jerin irin waɗannan yankuna da ake sabuntawa duk wata uku don amfanin masu shigo da kaya, kuma wasu jihohin Najeriya da wasu yankunan Nijar sun sha fitowa a ciki. Da zarar ma'aikacin kamfani a Jamus ko Beljiyam ya ga "Najeriya" a takardar asalin kaya, jan tuta ya tashi a kwamfutarsa. Bai san nisan Bukuru da Anka ta Zamfara ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Aikinka ne ka nuna masa.

Dokar ba ta ƙirƙiro sabon ma'auni ba, ta ɗauki jagorar bin diddigin ma'adinai ce ta OECD, wato ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, ta mai da ita wajibi. Duk tambayoyin shafi goma sha ɗayan nan daga can aka tsamo su, kuma yana da kyau ka san ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai laifuffukan da idan aka same su, an umarci mai saye ya tsayar da ciniki nan take: azabtarwa, aikin tilas, mafi munin nau'in aikin yara, fyaɗe, da tallafa wa ƙungiya mai ɗauke da makamai da ba ta gwamnati ba, kai tsaye ko a fakaice. Akwai kuma waɗanda ake ba da damar gyara, a ci gaba da saye ana bibiya, sai in wata shida ta wuce babu wani ci gaba na a zo a gani sannan a dakatar: cin hanci, ƙarya kan asalin kaya, halatta kuɗin haram, ƙin biyan haraji, da hulɗar da ba ta dace ba da jami'an tsaro.

A nan tambayar "kuɗin hanya" take da haƙora. Abin da direbanka ke miƙawa a shingen jami'ai yana cikin rukuni na biyu, matsala ce, amma mai gyaruwa. Abin da masu rami ke biyan 'yan bindiga don a bar su su yi haƙa, ko buhunan da ake ware musu a matsayin kasonsu, wannan rukuni na farko ne, kuma ba ruwan dokar da cewa ba kai ka biya ba, ko an biya ne don tsira da rai. In dai kuɗin dutsen ya shiga hannunsu, kayan ya ƙazantu tun daga tushe. Gwamnatin Tarayya da kanta ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda wannan alaƙa, ba ta ɗage hanin ba sai Disambar 2024. Masu saye na waje sun karanta wannan labari, kuma suna sane da cewa buhu ba ya faɗin garin da ya fito.

To ga inda mafi yawanmu ke faɗuwa, kuma ba mugunta ke jawo shi ba, al'adar kasuwa ce. Wata rana na raka wani mai binciken kamfani zuwa siton wani dattijo da na san gaskiyarsa tun ina yaro. Lasisinsa na nan, rasidan harajinsa na nan cikin wata tsohuwar jakar fata, sikelinsa ba ya cuta. Mai binciken ya zagaya, ya nuna wani buhu a tsakiyar jeri ya ce, wannan daga ina? Dattijo ya ce daga wajen yaranmu. Wane rami? Sai ya kira babban yaronsa. Yaron ya sosa ƙeya ya ce ai wannan haɗi ne, na ranar Talata da na Laraba aka zuba wuri ɗaya aka bi da shi ta injin maganaɗisu don a ɗaga darajarsa. Mutum nawa suka kawo kaya a kwana biyun? Kusan ashirin, wani da mudu, wani da rabin buhu, wata mata da abin da ta wanko a bakin tsohon kududdufin kamfani. An biya kowa a hannu, babu wanda aka rubuta sunansa. Mai binciken bai yi faɗa ba, ya rubuta layi ɗaya a littafinsa, aka sha lemo aka yi sallama. Cinikin bai ƙullu ba. Babu wanda ya ce kayan dattijon na da aibi, amma babu mai iya rantsewa cewa ba shi da shi, kuma a wurin Bature waɗannan biyun hukuncinsu ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle a ce ba a san ma waken da aka zuba ba.

Haɗi shi ne sana'arka, na sani. Da shi kake mai da kayan mutum ashirin ya zama kwantena ɗaya mai daraja ɗaya. Ba a ce ka daina ba. Abin da ake nema shi ne kafin a zuba, a rubuta. Littafi babba mai layi ya isa a farko, ba sai ka sayi wata manhaja ba: kwanan wata, sunan wanda ya kawo da lambar wayarsa, sunan ramin da ƙauyen, nauyi, darajar da gwaji ya nuna, kuɗin da aka biya da hanyar biyan. Kowane buhu a ɗaura masa alama mai lamba tun a bakin rami ko a wurin saye na farko. Ranar da za a haɗa, a buɗe sabon shafi a rubuta lambobin buhunan da suka shiga wannan haɗin, da nauyin da ya shiga inji da wanda ya fito. Wannan lissafin na ƙarshe shi masu bincike suka fi so, domin da shi ake kama wanda ya sayi tan uku daga ramin da ke da lasisi amma ya fitar da tan goma da sunan wannan ramin. A Ruwanda da gabashin Kwango irin wannan tsari na ɗaura alama a buhu, mai suna ITSCI, ya haura shekara goma yana aiki, ko da yake ya sha suka cewa ana sayar da alamomin a bayan fage ana manna wa kayan sumoga. Masu saye sun koyi darasi daga can, don haka alama kaɗai ba ta gamsar da su, sai lissafin ya daidaita. Sannan ka rage biya a hannu. Biya ta banki ko ta waya shaida ce da ba sai ka yi rantsuwa ba.

Bangaren gwamnatinmu kuma ka san shi, sai dai a tuna. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, don haka yardar mai gona ko ta mai unguwa ba lasisi ba ce. Mai saye zai nemi lambar lasisin wurin haƙar daga Ofishin Kadasta na Abuja, mai ba da lasisin haƙa, ko na ƙaramin haƙa ne, kuma zai duba ko lasisin na raye, ko ma'adinin da kake sayarwa na cikin abin da aka ba da izininsa, ko ramin na cikin iyakar filin da aka zana. Na sha ganin lasisi na gaske amma ramin na can nesa da filinsa. Zai nemi lasisinka na saye da mallakar ma'adinai, rasidin kuɗin da gwamnati ke karɓa a kan kowane tan, izinin fitarwa daga ma'aikatar ma'adinai, da fom ɗin NXP da ake cikawa a banki don fitar da kaya waje. Idan masu kawo maka kaya masu loto ne, wato masu ƙaramin haƙa da hannu, da ba su da takarda, hanyar da doka ta buɗe musu ita ce su yi rajistar ƙungiyar haɗin gwiwa su nemi lasisin ƙaramin haƙa, ko su yi aiki da rubutacciyar yarjejeniya ƙarƙashin mai lasisi. In ka taimaka wa rukuni biyu ko uku suka yi haka, ka samu tushen da za ka iya nunawa da yatsa.

Wani abu da ba ya cikin ko ɗaya daga dokokin nan amma yana tsayar da kwantena a tashar jirgi fiye da su: tururin nukiliya. Tantalayit da kolumbayit na ɗauke da yuraniyam da toriyam a jikinsu. In ya wuce ƙima, kayan ya koma aji na 7 na kaya masu haɗari, kuma kamfanonin jiragen ruwa da dama ba sa ɗauka. Ka sa a gwada wannan tare da darajar dutsen, a ɗakin gwajin da mai sayen ya yarda da shi, tun kafin ka ɗinke buhu. Haka monazayit, yashin nan da kamfanonin Turawa suka bari tsibi-tsibi a Filato, wanda yanzu ake rububinsa saboda ma'adinai masu wuyar samu da ke cikinsa. Toriyam ɗinsa ya fi yawa, kada a jibge shi inda yaranka ke kwana.

Sai litiyam, wanda doka ta uku ta shafa, wato dokar batura mai lamba 2023/1542. Ta ce duk kamfanin da ke sayar da batura a kasuwar Turai, in ya kai wani girma, sai ya bi diddigin ma'adinai huɗu: litiyam, kobalt, nikel da girafayit. Nata binciken ya fi faɗi, domin ban da rikici ta haɗa da gurɓata ruwa da iska, lafiyar ma'aikata, aikin yara da haƙƙin mutanen gari. An so a fara a Agustan 2025, aka ɗage zuwa 18 ga Agusta, 2027. Daga Fabrairun 2027 kuma batirin motar lantarki zai riƙa ɗauke da wata lamba da ake haskawa da waya a ga bayanansa, abin da suke kira fasfon batir.

A nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Litiyam ɗin Nasarawa ba Turai yake zuwa ba. Turai ba ta da inda za ta kai ɗanyen dutse da yawa; matatar kamfanin AMG ta Bitterfeld a Jamus sai a 2024 aka buɗe ta, babban kamfanin batirinsu kuwa, Northvolt na Suwidin, ya karye a 2025. Sin ce ke tace fiye da rabin litiyam ɗin duniya. Dutsenka zai bi ta masana'anta irin ta Avatar da aka buɗe a Nasarawa a Mayun 2024, ko ta hannun wani mai sito, ya tafi Sin, a mai da shi hoda, a yi batir, batirin ya shiga motar da za a sayar a Faransa. Ranar da mai motar ya buƙaci takarda daga mai batir, mai batir zai juya ga matata, matata ta juya ga wanda ya kawo mata dutse. Ɗan Chanan da ke zuwa sitonka yau ba ya tambaya saboda ba a tambaye shi ba tukuna, ko kuma saboda kayansa na ƙarewa ne a kasuwar da ba ruwanta. Ba na ce maka duk za su fara tambaya ba. Hasashena shi ne kasuwar za ta rabu biyu: manyan matatu masu sayar wa kamfanonin mota za su nemi takarda, ƙananan za su ci gaba da saye ido rufe, a farashin da suka ga dama, domin sun san ba ka da wani wurin kaiwa. Ka tuna yadda farashin litiyam ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 daga ƙarshen 2022 zuwa 2024. Waɗanda ke da mai saye ɗaya su suka fi jin jiki. Ko a kuza ma haka ne: manyan masu narka ta a Malesiya da Tailan suna cikin tsarin bincike na masana'antun lantarki, ba Turai kaɗai ke tambaya ba.

Kada kuma in yi maka romon baka. Da wuya a ƙara maka ko dala ɗaya a kan tan don ka cika takarda. Wannan ita ce rashin adalcin tsarin, kuma na faɗa wa masu saye a gabansu: su ke son tsabta, mu ke biyan kuɗin sabulu. Kuma tarihi ya nuna in tambayoyi suka yi wa kamfani yawa, yakan zaɓi guduwa. Bayan dokar Amurka ta 2010 masu saye da yawa sun ƙaurace wa gabashin Kwango ɗungurungum, talakan da ke haƙa da shebur shi ya rasa abinci, masu bindiga suka koma zinare. Turai kanta ta lura da nauyin da ta ɗora wa kamfanoninta, shi ya sa a 2025 ta fara ɗage wasu wa'adodi tana rage wasu sharuɗɗa. Amma dokar kuza da tantalam tana nan tana aiki. Ribar da za ka samu ita ce mai saye na biyu, kwantiragi mai tsawo maimakon cinikin kwantena ɗaya, da bankin da zai saurare ka idan ka je neman jari.

Tambayar yara kuwa, ina roƙonka kada ka yi saurin rubuta "babu". A Disambar 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa rahoto daga Pasali a Nasarawa, da hotunan yara suna tsintar litiyam a ramukan da ba su da lasisi. Kafin nan duniya ta ga Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Wanda ya turo maka takardar ya san duk wannan. Idan ɗan Najeriya mai sayen kaya daga masu loto ya rubuta cewa babu wata matsala ko ɗaya a kowane shafi, takardarsa ce za a fara zargi. Amsar da ke tafiya ita ce wadda ta faɗi abin da ke ƙasa da abin da kake yi a kai: cewa kana saye daga wurare kaza, ka ziyarce su ranar kaza, a ɗaya ka tarar da yara suna wanki da tsinta bayan an tashi daga makaranta, ka zauna da shugabannin ramin da mai unguwa aka amince babu yaron da zai shiga rami ko ya tsaya wurin fasa dutse, kuma ka daina saye daga wani wuri da ya ƙi. Jagorar OECD ba ta ce a guji masu ƙaramin haƙa ba, ta ma ƙarfafa a zauna da su a gyara. Sai dai duk abin da ka rubuta ka tabbata ka aikata, domin sukan turo mutum ba tare da sanarwa ba.

Da ni ne kai, ba zan yi yunƙurin tsabtace duk kasuwancina lokaci ɗaya ba. Zan zaɓi wuri ɗaya ko biyu da ke da lasisi, da shugabannin da nake jin maganarsu, in ware wa kayansu kusurwa a sito da fenti a ƙasa, in hana a haɗa shi da na kowa, in ba yaro ɗaya mai ilimi aikin littafi kaɗai. In yi wata uku a haka kafin in mayar da amsa, ko in mayar yanzu in gaya musu gaskiya cewa tsarin sabo ne, ga ranar da na fara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma littafin da aka cika a dare ɗaya da biro ɗaya, mai bincike na gane shi daga shafi na biyu.

Kafin ka sa hannu, kai ma ka mayar musu da naka tambayoyin a rubuce. Wace matata kayan zai ƙare, domin a kanta ake yin babban binciken, kuma sharuɗɗanta su ne na gaske. Wa zai biya kuɗin mai binciken da zai zo rami, da na gwajin samfur a tashar lodi da ta sauke. Idan sakamakon gwajinsu ya saɓa da naka, wane ɗakin gwaji na uku zai raba gardama. Sannan idan suka dakatar da ciniki saboda wani rahoto da ya fito daga jiharku alhali kwantenarka na kan ruwa, wa ke ɗaukar asarar, kuma kwana nawa za su ba ka ka kawo hujja. Wannan sharaɗin na ƙarshe kada ka yarda a bar shi a baki, a rubuta adadin kwanakin a cikin kwantiragin.